RUBUTUN UMMA A KWAMFUTAR ABBA

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da “ina ci gaba”, ku sassauta min, ni ma ina da wanki da guga kamar kowa. Ga na yau. Sababbin shigowa kuma ku matso kusa, ba zan bar ku a baya ba.

*

Hannun Auta na kan linzamin kwamfuta, wato maus, lokacin da Umma ta ce ta dakata.

Saura dannawa ɗaya tak. Ƙaramin akwati ya riga ya fito a tsakiyar allo yana tambayar ko a kashe, ita kuwa ko karanta shi ba ta yi, ta saba. Asabar goma sha ɗaya ke nan tana danna shi da zarar Umma ta gama, yau ta sha biyu.

Ga wanda bai san zancen ba, bayan rasuwar Abba da ’yan watanni tsohuwar kwamfutarsa ta fara wani gurnani irin na tsohon firji. Auta kuwa kula da kwamfutoci shi ne aikinta a ofis. Kafin faifan ajiyar kwamfutar ya mutu ta kwashe duk abin da ke cikinsa, ta gina wata kwamfuta ta manhaja zalla a cikin babbar kwamfutarta ta tebur, ta yanka mata rabonta na ƙwaƙwalwa da wurin ajiya, ta toshe mata hanyar intanet tunda tsohuwa ce ba ta da garkuwa. In an kunna ta taga ce ke buɗewa, a cikin tagar kuwa kwamfutar Abba ce sak. Hoton gidansu a bangon allo, fayilolinsa a warwatse yadda ya bar su, har ’yar ƙarar nan da take yi in ta tashi. Umma ta raɗa mata suna ɗakin Abbanku. Kowace Asabar bayan azahar za ta zo gidan ’yar tata, Auta ta kunna mata, ta ja ƙofa, ta koma can baya ta tayar da injin wanki. Ba ta taɓa tambayar abin da Umma ke yi a ciki ba. A tunaninta hotuna take kallo tana ɗan kukanta, kuma ba ’ya ce za ta tsaya a kan wannan ba.

Umma ta buɗe jaka ta ciro makullan gida ta ajiye kusa da madannai.

“Ki kai wa yayanki.”

Auta ta kalli makullan, ta kalli Umma.

“Na me?”

“Na ce masa na yarda. Ƙarshen wata zan koma wajensa.”

Auta ta saki baki. Tun rasuwar Abba Yaya yake lallaɓa Umma ta bar zaman kaɗaici ta dawo gidansa. Ya turo matarsa, ya turo ƙanin Abba, har ɗaki ya gyara ya sa labule kalar da take so. Amsarta ɗaya ce, ba mai fitar da ita daga gidan da suka gina da mijinta sai makara. Yau kuma ga makulli a kan tebur ba faɗa ba gardama.

Ta tambaye ta ko Yaya ne ya matsa mata. Umma ta ce yaron da ta yi wa wanka bai isa ba. Ta tambaya ko maƙwabta ne. Ta ce lafiya lau suke zaune. Da tambaya ta yi yawa sai Umma ta shafa gwiwa ta ce hawa da sauka ne ke ba ta wahala.

“Umma, gidan da ba shi da bene?”

“Akwai dakali.”

“Taku ɗaya ne fa.”

“To uwata, na ji.”

Auta ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don ta ga yadda Umma ke murza bakin mayafinta. Matar nan shekara talatin ta yi tana buga takardu a ofis, tun zamanin tafireta har kwamfuta ta zo ta same ta a kujerar. Yatsunta ba sa zaman murza mayafi. Yau suna yi.

Auta ta juyo da kujera gaba ɗaya, hannunta ɗaya dai yana kan linzami don mantuwa.

“Don girman Allah ki faɗa min.”

Umma ta saki bakin mayafin. Da ta ɗago, muryarta ta yi ƙasa sosai.

“Kaina ne, Auta. Ya fara yoyo.”

Ba sai an yi wa Auta bayani ba. Duk gidan sun ga yadda Gwaggo, yayar Umma, ta ƙare. Da ajiye cokali a cikin takalmi aka fara ana dariya, aka zo ƙarshe tana tambayar ’ya’yan cikinta su waye iyayensu. Umma ce ta yi jinyarta shekara huɗu, ita ta san ciwon ciki da waje.

Sai ga zance ya fito, a hankali, kamar ana zare ƙaya. Ashe tun Asabar ta farko Umma ta ci karo da wani fayil da Abba ya sa wa suna Don Yara. Tarihinsu ya fara rubutawa, yadda suka haɗu da yadda aka yi aka zama gida. Shafi ɗaya da rabi ya yi, ya tsaya a tsakiyar jimla, ajali bai bari ya koma ba. Umma ta ce tana gama karantawa ta gyara zama ta ɗora daga inda ya tsaya. Shafi huɗu ta buga a ranar, ta ajiye sau biyu kamar yadda ta saba tun tana aiki, ta rufe ta tafi gida da farin ciki, da niyyar sai ta kammala ta nuna musu.

Asabar ta biyu ta buɗe, babu komai. Jimlar Abba na nan a yanke yadda take.

Ta ce ta ɗauka kuskure ta yi, ta sake bugawa. Asabar ta uku babu. Daga nan ta fara rubuta wa kanta shaida. Ta sa hannu a jaka ta ciro wani ɗan littafi mai bangon roba ta miƙa wa Auta. Kowane layi da rubutunta mai kyau na mutanen da. Asabar ta huɗu, shafi biyar, na ajiye. Asabar ta bakwai, shafi shida, na ajiye, na rufe, na sake buɗewa na gani da idona. Asabar ta tara babu lissafin shafi, abin da ta rubuta kawai shi ne, ko dai zama nake yi ina zaton na rubuta?

“Takarda ta ce na yi,” in ji Umma, “na’ura ta ce ban yi ba. Abbanku kullum yana cewa na’ura ba ta ƙarya, abin da aka ba ta shi take riƙewa. To wa ya rage? Ni ce.”

“Kin je asibiti?”

“Ina tsoron su tabbatar.”

“Shi ne ba ki faɗa wa kowa ba, wata uku?”

“In faɗa muku ku fara yi min magana a hankali kamar yarinya? Na ga yadda muka yi wa Gwaggonku. Gara in kai kaina gidan yayanki da ƙafata tun ina gane hanya.”

A daidai nan idon Auta ya koma kan allo.

Akwatin nan na nan yana jira. A ƙarƙashin tambayar akwai wani ɗan layi da aka yi wa alamar amincewa, wanda ke cewa in an kashe a mayar da na’ura yanayin da aka ajiye. Ita da hannunta ta sa alamar.

Akwai abin da masu wannan aiki ke kira sinafshot, wato a ɗauki hoton yanayin kwamfuta gaba ɗaya a ajiye, duk ɓarnar da aka yi daga baya sai a koma kan hoton, komai ya dawo yadda yake. A ofis haka Auta take yi da na’urorin gwaji, a yi wasa da su a lalata, a kashe su tashi sababbi. Ranar da ta gama gina ɗakin Abba ta ɗauki hoton nan, ta saita cewa duk kashewa a koma kansa, don kada Umma ta goge wani abu na Abba bisa kuskure. Har alfahari ta yi wa maigidanta a ranar, tana cewa rigakafi ya fi magani. Abin da bai zo mata a rai ba shi ne na’ura ba ta bambance ɓarna da gyara. Duk abin da aka ƙara bayan hoton, shi ma shara ne a wajenta. Garin neman gira an rasa ido ke nan, kuma idon ba nata ba.

Ta ɗaga hannunta daga kan linzamin a hankali, yatsa bayan yatsa, ta ɗora shi a cinya. Kunya da tausayi da haushin kanta suka taru suka rufe ta. Wata uku uwarta na kwana tana tashi da tsoron hauka, ita kuma tana raka ta bakin titi tana ɗaga mata hannu, ta dawo ta danna abu ɗaya ta share mata wuni guda.

Ta sauko daga kujera ta durƙusa a gaban Umma.

“Yau ma kin rubuta?”

“Na ce in gwada na ƙarshe.”

“Umma, ba kanki ba ne. Ni ce.”

Ta yi bayani, ta rikice, ta sake farawa. Ta ce kamar ɗaki ne da aka ba mai shara umarni kullum ya mayar da shi daidai yadda yake a hoto, ko sabon gado aka shigo da shi zai fitar. Ta ce rubutun Umma yana shiga, yana ajiyuwa, idonta bai yi mata ƙarya ba, ita ce ke zuwa daga baya ta share.

Umma ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi wani murmushi mai ban tausayi ta dafa kanta.

“Allah ya yi miki albarka. Amma ba sai kin ɗora wa kanki ba.”

“Wallahi gaskiya nake faɗa.”

“Tun kina ƙarama in za ki yi ƙarya hancinki ke zufa. Ga shi nan yana yi.”

Hancin kuwa yana zufa, ba gardama. Auta ta goge shi da bayan hannu tana kuka tana dariya, ta ce to Umma ta zauna ta gani da idonta, tunda ita ’yar shaida ce.

Ta koma kujera. Abu na farko, ta danna fasa, akwatin ya ɓace. Sai da ta ga ya tafi sannan numfashinta ya dawo. Ta ɗauki sabon hoton yanayi nan take, na’urar na kunne, ta sa masa suna Asabar ta sha biyu, kada a taɓa. Ta shiga saiti ta cire alamar nan, ta fita, ta sake shiga ta duba ko ta ciru. Ta buɗe ’yar jakar ajiyar fayil da ke haɗa kwamfutar ciki da ta waje, ta kwafi fayil ɗin Don Yara ta fito da shi ba tare da ta buɗe ba, ta sake kwafa a filashi, ta cire filashin ta damƙa a tafin Umma. Umma na kallonta kamar mai kallon ɗinki.

Sannan ta tayar da wata na’urar daban, ɗaya daga cikin na gwajinta mai irin wancan saitin, ta buɗe farin shafi ta matsa gefe. Ta ce Umma ta rubuta duk abin da ta ga dama.

Umma ta gyara tabarau, ta ɗora yatsu goma a kan madannai yadda aka koya musu a da, baya a miƙe. Cikin ƙiftawar ido ta buga layi ɗaya. Auta ta leƙa. An rubuta, Auta ba ta da hankali.

“Na yarda. Ajiye.”

Ta ajiye sau biyu. Ta rufe, ta buɗe, layin na nan. Auta ta nuna mata inda za ta danna ta kashe da hannunta. Tagar ta ɓace. Suka kunna, suka jira ta tashi. Umma ta nemi fayil ɗin sama da ƙasa, babu shi babu alamarsa.

Ba ta yarda da gwaji ɗaya ba. Ta ture hannun Auta ta sake yi ita kaɗai, wannan karon da layi uku, har da kwanan wata. Ya ɓace. Ta yi na uku. Ya ɓace.

Sai ta cire tabarau ta ajiye. Auta ta sunkuyar da kai tana jiran duk abin da zai zo, ta san ta ci.

Abin da ya zo bakin mayafi ne a gadon bayanta, sau uku, ba zafi ko kaɗan.

“’Yar banza. Ja’ira. Da digirinki da komai.”

“Ki yafe min, Umma.”

“Har sadakar kayana na fara yi. Na ba maƙwabciya tukwanena biyu masu kyau.”

“Zan karɓo miki.”

“Ki karɓo kyauta? Ashe rashin hankalin da gaske ne.”

Daga nan dariya ta ƙwace mata, irin wadda Auta ba ta ji ba tun Abba na raye, dariyar ta juye kuka, ta janyo Auta ta rungume tana ta hamdala a kan kafaɗarta. Auta ta ji yadda ƙasusuwan Umma suka fito. Ashe ramar nan da take ta ɗora wa takaba da kewa, tsoro ne ke cin ta.

Da suka lafa Umma ta miƙa hannu ta ɗauke makullanta ta jefa a jaka ta ja zif. Ta ce Auta ta kira yayanta da bakinta ta gaya masa ya cire labulensa, tunda ita ta ɗebo da zafi. Auta ta ce za ta kira, ko zai cinye ta ɗanya.

Sai Umma ta yi tambayar da Auta ke gudu, ko na baya za su dawo.

Auta ta so ta ce za ta gwada. Ta san yadda abin yake, duk kashewa na’urar kan jefar da abin da aka ƙara ta buɗe sabon wuri, wata uku kuma babbar kwamfutar na ta rubutu a kan gurbin. Ta ga wahalar ɓoye-ɓoyen da aka sha ta isa haka.

“Ba za su dawo ba.”

Umma ta buɗe ɗan littafinta ta bi layukan da yatsa. Jimilla shafi hamsin da uku ne suka tafi. Ta rufe littafin ta ɗaga kafaɗa.

“Tunda kan lafiya lau yake, ai suna nan ciki. Wasu ma sau biyar na buga su, na haddace. Abbanku ya jira wata uku, ya ƙara haƙuri.”

Ta gyara zama a kujerar, ta miƙe ƙafafu, fuskarta ta washe kamar an yi mata wanka.

“Buɗe na yau ki karanta min. Ban taɓa jin rubutuna a bakin wani ba. Yau labarinki na rubuta.”

Auta ta buɗe fayil ɗin. Ta wuce shafi ɗaya da rabin Abba da sauri, don ta san in ta tsaya ba za ta iya ci gaba ba. Ta gyara murya.

“Ranar da aka haifi Auta ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Abbanku ya ruɗe, ya zo asibiti da takalmi ƙafa ɗaya nasa, ƙafa ɗaya nawa. Da nas ta miƙo masa ita sai ya ce a riƙe masa tukuna, hannunsa na rawa kada ya yar. Ya zauna a benci ya yi ta kallonta daga nesa, ya ce wannan goshin na masu taurin kai ne.”

“Ƙarya ya yi?” in ji Umma, idonta a rufe, tana murmushi.

Auta ta yi dariya ta share hawaye, ta gangara ƙasa don ta ci gaba.

Ranar da aka haifi Auta ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Abbanku ya ruɗe, ya zo asibiti da takalmi...

Ta tsaya. Ta ɗauka hannunta ne ya mayar da shafin sama. Ta duba. A’a, sabon sakin layi ne, a ƙasan na farko. Kuma ba kwafi ba ne, don a nan nas ɗin ta zama likita, bencin ya zama kujera. An sake buga shi ne daga farko, kamar ba a taɓa ba.

Ta ƙara gangarawa.

Ranar da aka haifi Auta ruwa ake yi...

Shafi huɗu Umma ta buga yau. Auta ta bi su har ƙarshe da ido. Labarin ɗaya ne, sau bakwai, kuma wannan fayil ɗin babu na’urar da ta taɓa shi.

“Ya kika yi shiru?” in ji Umma, ba ta buɗe ido ba. “Ci gaba mana, ai gaban ya fi daɗi.”